Neman Golan Farko na Gambiza a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban samu na sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin kasuwar Samaru sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Yohanna, wai da gaske ne Oga Emeka ya faɗi a gaban jandarmomi?" A makarantar da nake koyarwa an tambaye ni, a coci bayan sujada an tare ni, har matata ta ce ta gaji da jin labarin gutsi-gutsi a bakin maƙwabta, kowa da irin nasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyarmu ta ƙwallo sunanta Gambiza. Ba ma cikin wata babbar gasa, ba a taɓa nuna mu a talabijin ba. Cikin 'yan wasanmu akwai tela, akwai masu acaɓa, akwai ɗaliban da ke haya a Bomo, akwai masu tsaron shago a PZ. Amma mun haura shekara arba'in muna nan, ranar Talata atisaye a filin wata firamare a Samaru, ranar Asabar a wani fili kusa da layin dogo a Sabon Gari. Ni ne sakatare, ba don na iya ƙwallo ba, don dai kullum da biro a aljihuna.

Rigimar kan jesi ta taso. An ce a buga sababbi, a rubuta sunan unguwa a ƙarƙashin sunan ƙungiya. Alhaji Tanko, tsohon lamba taranmu, wanda yanzu noma yake yi a Bomo, ya ce ai wannan ba ya buƙatar shawara, Gambiza ta Samaru ce, kawunsa marigayi Garba ne ya kafa ta. Oga Emeka, tsohon ɗan bayanmu mai shagon kayan mota, haifaffen Zariya wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, ya miƙe ya ce yayansa marigayi Sunday ne ya kafa ta, kuma a Sabon Gari. Da farko dariya muka yi. Bayan wata biyu sai ga 'yan Samaru sun daina zuwa ranar Asabar, 'yan Sabon Gari sun daina zuwa ranar Talata. Aka buɗe guruf biyu a waya, ni kaɗai ke cikin duka biyun, ina karanta baƙar maganar kowane ɓangare. Ƙungiya ta kama hanyar rabewa gida biyu, kuma ba mu da ko takarda ɗaya ta farkon kafuwarta.

Abu ɗaya kowa ya yarda da shi, golan farko mutumin Nijar ne, Ila, ana ce masa Mayen Ƙarfe, ya koma ƙasarsu tun kafin ni in san hanyar fili. Wani mai kilishi a kasuwar Sabon Gari ya ce ya gan shi a Maraɗi bara, da ransa da lafiyarsa, sai dai ba shi da lambarsa. Na ce to a je a tambaye shi, abin da ya faɗa ya zauna. Alhaji ya ce ba zai bar Emeka ya je ya riga shi tsara tsoho ba. Emeka ya ce shi ma haka. Ni kuwa aka ce in bi su in zama shaida, in kuma raba faɗa.

Muka yi sammako ranar Alhamis cikin hutun makaranta. Emeka ya zo tasha da sabuwar ƙwallo a leda, tsarabar tsoho. Alhaji ya zo da zabi biyu a kwando. Nan take aka fara gardamar kujerar gaba. Direba ya dube su ya ce, "Ai mutum biyu take ɗauka, ku shiga tare." Haka suka shiga, Alhaji da babbar rigarsa, Emeka da tumbinsa, a manne da juna kamar kifin gwangwani, alhali wata biyu ba sa ga maciji. Duk abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya sai ya waiwayo baya ya biyo ta kaina.

"Sakatare, gaya masa ya janye gwiwar hannunsa daga haƙarƙarina."

"Sakatare, ce masa ba ni da wurin ajiye ta, sai in ya rage hula."

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni a hankali ko kurame ne. Na ce a'a, Inna, 'yan ƙwallo ne.

A Malumfashi muka tsaya shan mai. Alhaji ya buɗe kwando don ya ba zabi ruwa, ɗaya ya yi fit ya fice ya nufi wajen masu rake. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Alhaji ya tattare riga ya bi ta dama, bakinsa ya manta da gaba ya ce, "Emeka, tare hagu." Emeka ya tare hagu. Zabo ya zo daidai ƙafar Alhaji, ya kai hannu biyu ya damƙi iska. Emeka kuwa ya zo da irin zamiyar nan tasa ta da, ya kwanta a ƙasa ya cafke ƙafar zabo. Masu rake suka tafa. Emeka ya tashi yana kakkaɓe wando ya ce, "Haka kake ɓarar da ƙwallo a gaban raga, ni ina baya ina gyarawa." Alhaji ya karɓi zabonsa ya ce, "Sakatare, ce masa na gode."

A Katsina muka sauya mota zuwa Jibiya, daga nan sai boda. A ɓangarenmu aka duba takardu muka wuce. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katin Emeka, ya karanta sunan, ya ji Hausar da ke fita daga bakinsa, ya sake duban katin.

"Kai Ibo na ko Bahaushe?"

"Bazazzagi ne, ranka ya daɗe."

"To mi za ku yi Maraɗi?"

Kuskuren da na yi shi ne ban riga su amsawa ba. Su biyun suka fara bayani a lokaci ɗaya, wannan yana Samaru, wancan yana Sabon Gari, har mutanen da ke layi bayanmu suka fara ɗaukar ɓangare. Wani mai buhun albasa da bai taɓa taka Zariya ba ya ce shi dai a ganinsa Alhaji ne mai gaskiya. Jandarma ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya nuna ledar Emeka ya ce a fito da balo. Muka tsaya kallon juna, sai da ya zana da'ira da hannu muka gane ƙwallo yake nufi. Ya ce tun da 'yan wasa ne, a nuna masa. Emeka ya ɗaga ƙwallo da ƙafa, ɗaya, biyu, uku, a ta huɗu silifas ɗinsa ya tashi sama ya wuce ƙwallon, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa. To wannan ita ce faɗuwar da kuka ji. Jandarmomi biyu suka ɗaga shi suna dariya har da hawaye, ɗaya ya kawo masa ruwa. Dogon nan ya karɓi ƙwallon ya yi ta ɗagawa da katon takalminsa na aiki har muka gaji da kallo, ya ɗora ta a ƙeya, sannan ya miƙo mana takardunmu ya ce mu gaishe da gardiyan. Har muka shiga mota muna tambayar juna wane maigadi yake nufi. Direba ne ya ce a can haka ake ce wa gola.

Mun shiga Maraɗi da rana tsaka, muka tarar da rabin shaguna a rufe. Emeka ya tambaya ko rasuwa aka yi. Aka ce a'a, hutun rana ne, sai zafi ya sauka a sake buɗewa. Ya kama baki. Ya ce a PZ in ka rufe shago da rana don ka yi barci, kafin ka farka maƙwabcinka ya kwashe kwastomominka har da na jikokinka. Acaɓa kuwa a can kabu-kabu ne, asibiti likita, makaranta lakwal. Hausa ce tsaf, amma sai ka riƙa jin kamar an sauya wa kayan ɗakinka wuri.

Muka shiga tambayar Ila Mayen Ƙarfe. Na farko ya tura mu wajen masu walda. Masu walda suka tura mu wajen masu sayen tsoffin ƙarafa. Wani a can ya ja Alhaji gefe ya ce in maye muke nema ba nan ake tambaya ba, kuma ba da rana ba. Zabi sun galabaita, mu ma haka. Muka zauna a rumfar wata mai fura don mu jiƙa maƙoshi. Muna sha wayar Alhaji ta yi ƙara, ya duba ya ce, "Hajiya ne, tun ɗazu yake kira." Mai fura ta ajiye ludayi ta fashe da dariya.

"Hajiyar namiji ce? Ku mutanen Zariya na, ko? Akwai wani tsoho a unguwarmu, shi ma da ya dawo haka yake maida mata maza. Elhaji Ila Zariya muke ce mishi."

Alhaji, wanda duk rayuwarsa yake musun cewa Zazzagawa na yin haka, ya mayar da waya aljihu ya ci gaba da shan furarsa. Ta kira mana kabu-kabu uku ta yi musu kwatance.

Mun same shi zaune a kujerar roba a gaban wani shagon faci da 'ya'yansa ke riƙe da shi. Tsoho ne siriri, fari fat a gemu, hannuwansa manya kamar faranti, ɗan yatsa ɗaya a karkace. Ba mu kai ga sallama ba ya ƙura wa Emeka ido ya ce, "Wannan tafiyar Sunday ce." Emeka ya tsaya cak, ya ce shi ƙanensa ne. Tsoho ya miƙe ya rungume shi, ya gaishe shi da Ibo, ya ƙara da Turancin Sabon Gari da ya shekara arba'in a bakinsa bai yi tsatsa ba. Alhaji ya durƙusa ya ce shi kuma Garba kawunsa ne. Tsoho ya ce, "Garba Bahago. Ina yake? Ina Sunday ɗin?"

Muka gaya masa duk sun rasu. Ya koma ya zauna. Ya shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, Bitrus Dogo, Lawal Tela, Audu Kafinta, har ya cika goma, kowanne muna cewa ya rasu, ko mu ce ba mu da labari. Ya daɗe yana murza karkataccen yatsan nan. Sai ya share fuska ya ce, "Amma Gambiza tana nan?" Na ce tana nan, Baba. Ya yi murmushi har ana ganin gurbin haƙoransa biyu na gaba, ya ce a yanka zabi.

Alhaji ya so ya shigo da maganar da ta kawo mu, tsoho ya ce a gidansa ba a tambaya da yunwa, kuma ba a amsawa sai baƙo ya kwana. Aka kawo dambu da zogale, aka kawo kilishi mai laushi wanda Emeka ya ce zai kai ƙarar mai kilishin Sabon Gari saboda shekarun da ya yi yana ba shi fata. Aka dafa shayi a ƙaramar buta, ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na farko na yi godiya na miƙe, aka ce in zauna, sai an yi zagaye uku, wanda ya tashi a na farko ya raina mai gida. A Samaru kofi ɗaya ne babba, ka sha ka ba wani benci. Masauki kuma ɗaki ɗaya ne, katifa ɗaya da tabarma ɗaya. Na yi wuf na shimfiɗa tabarma na kwanta a kai. Da safe kowannensu ya kawo mini ƙarar minsharin ɗan'uwansa.

Bayan an karya da burodin nan nasu dogo kamar sanda, wanda Alhaji ya riƙe a kafaɗa ya ce a ɗauke shi hoto, tsoho ya ce in kunna wayata in ɗauki magana.

"Ba wanda ya zauna ya ce zai kafa ƙungiya. Ni faci nake yi a Kwangila. Garba da mutanensa na Samaru sun sa rana da Sunday da mutanensa na Sabon Gari, za su kara a wani fili bayan rumfata, don shi ne tsakiya. Ranar aka wuni ana ruwa. Samaru mutum biyar suka zo, Sabon Gari biyar. Suna tsaye suna yi wa juna gori sai ga wata ƙungiya daga Tudun Wada, sha ɗaya cif, riga iri ɗaya, da koci da usur a wuya. Suka ce tun da ba ku cika ba ku ba mu fili. Garba ya dubi Sunday, ya dubi kocin, ya ce wa ya ce ba mu cika ba, mu goma ne, ga golanmu can yana faci."

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Sakatare, ka ji ko? Kawuna ne ya fara magana."

Tsoho ya ce, "Garba ya faɗa da baki. Sunday ne ya zo ya ɗauke ni cak da tayar mutane a hannuna ya dire ni a raga. Ban taɓa tsaron gida ba a duniya. Kocin ya dube mu, wani da singileti, wani ba riga, Hausa da Ibo da Bajju da ni baƙo, ya ce wannan wane irin haɗin gambiza ne. Sunan ke nan."

Emeka ya tambaya nawa aka tashi. Tsoho ya ce takwas da nema, mu aka ci. Na ce to Baba, ina aka samo Mayen Ƙarfe, mu an gaya mana ƙwallo ce ke manne maka a hannu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wace ƙwallo? Ni ne ke manne wa ƙarfen raga. Duk na yi tsalle sai na gwabza kai da turke." Ya nuna gurbin haƙoransa. Ya ce daga baya dai ya iya, kuma shekara biyu bayan nan sun rama wa Tudun Wada a filinsu, aka dawo da shi Kwangila a kafaɗa.

Alhaji bai haƙura ba, ya ce to wa ya zama kyaftin. Tsoho ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da wani hoto baƙi da fari a cikin leda, gefensa duk ya cinye. Mutum sha ɗaya ne. A tsakiya samari biyu sun rataya hannu a wuyan juna. Ya ce mu dubi ƙafafunsu. Kowanne takalmin ƙwallo ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayar ƙafar kuma tsohon kambas.

"Takalmi ƙafa biyu suka haɗa suka saya a gwanjo. Garba bahago ne, ya ɗauki na hagu, Sunday ya ɗauki na dama. Shekara uku haka suke wasa. Kyaftin kuwa, kafin hutu ɗaya, bayan hutu ɗayan."

Emeka ya karɓi hoton ya matso da shi kusa da ido. Can ya ce, a hankali, "Akwai wani takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gadon yayana. Muna yara mun sha tambayarsa ina ɗayan, sai ya ce yana wurin aiki. Da ya rasu na ajiye shi a shago."

Alhaji ya dube shi, wannan karon bai biyo ta kaina ba. "Na dama ne?"

"Na dama."

"Na hagu yana rumbun gidanmu a Bomo. Matar kawu ta hana a yar."

Ni dai na duƙar da kai ina ta gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Tsoho ya hana mu hoton, ya ce sai bayan ransa, sai muka ɗauke shi a waya. Ya karɓi ƙwallon Emeka ya matsa ta da manyan hannuwansa ya ce iska ta yi yawa, ya sa aka rage. Ya raka mu har tasha, ɗansa ya ba ni lambar waya. A hanyar dawowa su biyun suka zauna a baya suka bar mini gaba, daga Jibiya har Funtuwa suna gardamar wata fenariti da Alhaji ya ɓarar tun ina firamare. A boda kuwa dogon jandarman nan ya gane mu, ya tambayi Emeka lafiyar ƙugunsa.

Ranar Lahadi da yamma muka tara ɓangarorin biyu a filin Samaru, na kunna maganar tsoho a lasifikar mai gyaran rediyo. Da aka zo wajen takwas da nema yara suka yi ta birgima don dariya. Da aka gama, Alhaji ya fito da takalmin hagu daga aljihun babbar riga, Emeka ya fito da na dama daga leda, suka ajiye a kan benci. Fatar ta bushe ta ƙanƙance, ɓera ya ci harshen na Bomo. Ba a yi ƙuri'a ba. Tela ya tambaya me za a rubuta a jesi, aka ce Gambiza kawai.

Asabar da ta biyo baya muka yi wasan sada zumunci a Sabon Gari, kowa ya zo, har benci ya kasa ɗaukar 'yan canji. Ana cikin wasa na kira ɗan tsoho ta bidiyo, aka miƙa wa Baba Ila, na juya wayar ta kalli fili. Ya yi ta kallo kusan minti biyar, fuskarsa ta cika allon. Na zaci kuka zai yi. Sai ya ce, "Malam, kai ni bayan raga." Na zaga na tsaya bayan golanmu, wani ɗalibi mai suna Haruna.

"Gaya mishi ya bar tsayawa bisa layi kamar mai jiran mota. Ya fito taku biyu."

Na gaya wa Haruna. Ya waiwayo a fusace, gumi na zuba, ya ce, "Malam, wa ya ce?"

Na ɗaga masa wayar na ce, "Wanda ya fara tsayawa a wurin nan."

Haruna ya dubi tsohon, ya cire safar hannu ɗaya ya gaishe shi, ya mayar, ya fito taku biyu.